'Yar Zomo da Gashin Hankaka

Ga ta nan, ga ta nan ku.

A can ƙasar Amurka akwai wata jiha, Ayowa, wadda in ka tsaya a tsakiyarta ka duba gabas ka duba yamma, ba abin da za ka gani sai gonakin masara. Babban birninta Des Moines, yana bakin kogi mai wannan suna. Bayan birnin, inda gonaki suka ƙare kurmin bakin kogi ya fara, dabbobin dawa suna da nasu garin, da tasu kasuwar, da tasu makarantar. Sarkinsu Mikiya ne, yana zaune can nesa bisa dutse, ba kowa ya taɓa ganinsa ido da ido ba.

Dabbobin nan suna da wata ɗabi'a: duk abin da suka ga mutanen birni suna yi, sai su yi irinsa. Mutane suka kafa kotu, su ma suka kafa. Mutane suka yi zaɓe, su ma suka yi. To, a shekarar 1965, da shugaban mutane Lyndon Johnson ya yi ta tura samari yaƙi Biyetnam, har yawansu ya haura 180,000 kafin shekara ta ƙare, sai Mikiya ya ce ai shi ma yana da abokan gaba a wata fadama bayan teku. Aka yi shela. Kowane gida ya ba da saurayi. Wasu suka dawo da ɗingishi, wasu kuwa sai dai a aiko da saƙo.

Makarantar dabbobin tana cikin kogon wata ƙatuwar bishiya, shugabanta kuwa Malam Talo-talo. Kada ku ɗauka mugu ne. In dusar ƙanƙara ta sauka, shi ne yake fara fita ya share hanya da fukafukansa, kuma ba ya barin bakin kogo sai ya ƙirga ɗalibansa ya ga kowa ya iso. Abu ɗaya ne damuwarsa: yana tsoron hayaniya fiye da yadda yake tsoron kura. In ya ji ana gardama, tun kafin ya san a kan me ake yi, wuyansa ya yi ja, gashinsa ya kumbura.

A cikin ɗaliban akwai 'Yar Zomo da yayanta Ɗan Zomo. Ita ƙarama ce, mai tsoro, in an kira sunanta a aji kunnuwanta har rawa suke yi. Gidansu yana ƙarƙashin wani kututture, kan kututturen kuwa nan Hankaka yake sauka kowace yamma. Hankakan can ba kamar namu ba ne mai farin ƙirji, shi baƙi ne ƙirin daga baki har wutsiya. Yini yake yi a tagogin birni, da yamma ya zo ya zazzage labari.

Wata yamma cikin watan Disamba ya sauka ya ce, “Yau na ji abin da ban taɓa ji ba. Mutane sun taru a gidan su wani yaro Christopher Eckhardt, manya da yara. Sun ce za su ɗaura baƙin ƙyalle a damtse, su yi makokin waɗanda yaƙi ya ci, nasu da na Biyetnam duka, su kuma goyi bayan Sanata Robert Kennedy da ya nemi a tsagaita wuta saboda Kirsimeti. Yaran sun ce da shi za su tafi makaranta.”

Ɗan Zomo ya ce, “Baba Hankaka, in sun je makarantar me za su faɗa?”

“Ba za su faɗi komai ba. Ƙyallen ne zai yi magana.”

Ɗan Zomo ya yi shiru. Can ya ce, “Ka ba mu gashinka biyu.”

'Yar Zomo ta dubi yayanta. Biyu ya ce. Ba ta ce a ba ta ba, amma kuma ba ta ce a fasa ba. Tun da kaka take kwana da tunanin maƙwabcinsu, yayan Ɗan Barewa, wanda yake ɗaukar ta a bayansa ya ƙetarar da ita rafi in ruwa ya cika. Shi ma saƙo aka aiko. Tana kuma tunanin 'yan zomayen can fadamar, waɗanda ba ta san sunansu ba, ko su wa yake ƙetarar da su yanzu.

Magana ba ta kwana. Jaba ta ji, ta kai wa Malam Talo-talo. Washegari ya tara malamai, wuyansa jawur, ya ce daga yau duk ɗalibin da ya zo da baƙin gashi a ƙafa za a ce ya kwance, in ya ƙi a kore shi sai ranar da ya dawo babu shi. Malama Kurciya ta ce, “Allah ya gafarta Malam, ai yaranmu sun daɗe suna rataye-rataye. Masu son Bauna a zaɓe suna saka ganyensa, masu son Dinya suna saka nata. Akwai ma masu rataya farcen shaho a wuya, alamar tsohon yaƙi, ba wanda ya ce musu kanzil. Me ya sa sai wannan?”

Malam Talo-talo ya ce, “Malama, waɗancan ba su taɓa jawo faɗa ba.”

“Wannan ma bai jawo ba tukuna.”

“Zai jawo. Ƙanen mamaci yana nan cikin makarantar nan. So kike ya ga baƙin gashi ya tuna, ya tunkuyi wani?”

Da yamma Hankaka ya tabbatar cewa a birni ma haka aka yi. Ranar 14 ga Disamba shugabannin makarantun Des Moines sun zauna sun kafa doka a kan baƙin ƙyalle kaɗai, alhali yaransu suna saka bajon 'yan siyasa, wasu har da gicciyen ƙarfe irin na sojan Jamus. Malam Talo-talo da ya ji haka sai hankalinsa ya kwanta, ya ce tunda mutane sun yi, ai bai yi kuskure ba.

Ran nan da asuba 'Yar Zomo ta tashi kafin kowa. Ta ɗauko gashin, ta nemi gemun masara busasshe, ta yi ta fama ta ɗaure da haƙori yana kwancewa. Uwarta ta farka ta gan ta, ta ce, “'Yar nan, ba dole a ciki. In kin fasa ba wanda zai ga laifinki.”

“Inna, tsoro nake ji.”

“To ajiye.”

“In na ajiye ma ba zan daina jin abin da nake ji ba.”

Uwar ta karɓi gemun masarar, ta zagaya ƙafar sau biyu, ta ƙulle da kyau.

Yayanta ya ce shi zai dakata kwana ɗaya, ko manya za su saurare su a janye dokar. Saboda haka ita kaɗai ta fita daga gidan da gashin. Ƙasa ta yi fari fat, baƙin abin nan kuwa ana hango shi daga nesa. Ta shiga aji ta zauna. Aka yi karatu, aka yi rubutu, aka yi waƙa. Ƙawarta ta raɗa mata, “Ke, kwance kafin a gani.” Wani ɗan ɓera ya tambaya ko ciwo ta ji. Shi ke nan abin da ya faru tun safe har aka fita cin abinci.

Bayan an dawo aka shiga darasin lissafi. Malam Bushiya, wanda jiya ya cinye darasinsa kaf yana gargaɗi a kan baƙin gashi, yana tsaye bakin ƙofa da ganye a hannu. Bai bari ta zauna ba. Ya miƙa mata ya ce ta kai ofis. Yara suka bi ta da kallo, lissafin ranar ma ya tafi a banza, don ba wanda ya ƙara duban allo.

A ofis Malam Talo-talo ya ce, “Kwance.”

Ta dubi ƙafarta. Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin da uwarta ta yi, ta ajiye gashin a gabansa. Ta zaci magana ta ƙare. Sai ya ce tunda ta san doka kuma ta zo da shi, ta tafi gida sai an neme ta.

Ta koma gida ta shige lungu, ta ƙi cin abinci. Ba korar ce ta fi yi mata ciwo ba, kwancewar ce. Ta ce wa uwarta, “Na yi biyu babu. Ban tsaya ba, kuma ban tsira ba.”

Hankaka ya sauka ya tarar da ita haka. Ya ce, “Fito ki ji. Yau 16 ga wata a lissafin mutane. Ina kan tagar wata makaranta mai sunan Warren Harding, aka kira wata yarinya ofis, Mary Beth Tinker, shekararta 13. Ƙyallenta faɗinsa bai fi inci biyu ba. Aka ce ta cire, ta cire ta miƙa. Duk da haka aka ba ta takardar kora.”

'Yar Zomo ta leƙo. “Ita ma ta cire?”

“Da hannunta.”

“To me amfanin abin da muka yi?”

Hankaka ya ce, “Da safe kin fita da shi ko ba ki fita ba? Kin zauna da shi a aji ko ba ki zauna ba? Ƙarfin da kike da shi ya kai ki har ofis, a nan ya ƙare. Wanda ya kore ki kuwa bai ce kin kwance ba, ya ce kin zo da shi. Shi ya san abin da kika yi, ke ce ba ki sani ba.”

Ni ma mai ba ku labarin nan ina tare da Hankaka. An saba a tatsuniya jarumi ya tsaya ƙyam har ƙarshe, shi ya sa yaro mai rawar gwiwa yake ganin ba da shi ake ba. Alhali shari'ar da ta canza zaman ɗalibai a Amurka sunan yarinyar da ta cire ƙyallenta ta miƙa take ɗauke da shi.

Washegari Ɗan Zomo ya ɗaura nasa, kamar yadda John Tinker mai shekara 15 ya ɗaura nasa a birni a wannan rana. Lokacin cin abinci yana zaune yana gurgurar masara, sai inuwa ta rufe shi. Ɗan Barewa ne, ƙahonsa ya fara tsirowa. Wurin ya yi tsit.

“Makokin wa kake yi?”

“Na yayanka.”

“Shi kaɗai?”

Ɗan Zomo ya haɗiye yawu. “Da na 'ya'yan can fadamar.”

Ɗan Barewa ya buga kofato a ƙasa. “Kada ka ƙara haɗa yayana da waɗanda suka kashe shi. Shi ya tafi don sarki ya kira, kai kana nan kana cin masara. Wa ya aike ka ka yi masa kuka?”

“Ba wanda ya aike ni. Shi yake ƙetarar da ƙanwata rafi.”

Ɗan Barewa ya tsaya yana huci, numfashinsa na fita kamar hayaƙi saboda sanyi. Sai ga wasu 'yan aladu uku sun taso, sun ga dama ta samu, suna cewa a tsinke gashin a tura masa a baki, maci amanar sarki. Ɗan Barewa ya juya ya tare su da ƙirji. Ya ce, “Ban yarda da shi ba, ba kuwa zan yarda ba. Amma yayana ne, ba naku ba. Duk wanda ya taɓa zomon nan da ni zai yi.” Aladu suka watse. Shi ma ya tafi bai waiwayo ba.

Faɗan da Malam Talo-talo yake tsoro ke nan, kuma a nan ya ƙare. Amma doka doka ce, kafin a tashi an kori Ɗan Zomo, an kori Ɗan Kurege da wasu biyu.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce iyaye ne suka sa yara a gaba, yaro me ya sani game da yaƙi. Uwar zomaye ta ce in ya isa a koya masa waƙar yabon mayaƙa a aji, ai ya isa ya yi tunani a kan inda mayaƙan suke zuwa. Aka wayi gari an shafa musu jar laka a bakin rami. Hankaka ya ce gidan Tinker ma an watsa musu jan fenti, wata mata har ta kira yarinyar a waya ta ce sai ta kashe ta. Uban yaran malamin coci ne, mai wa'azin zaman lafiya, amma aka riƙa kiransu 'yan gurguzu. Hukumar makarantun birni ta zauna a farkon Janairu 1966, biyar suka ce doka ta tsaya, biyu suka ce a janye. Dattawan dawa su ma suka zauna suka tabbatar da tasu.

Bayan hutun sabuwar shekara yaran suka koma babu gashi. Sai dai a hanya sun biya ta inda manomi ya ƙona karan masara, suka yi birgima cikin gawayi, suka shiga aji baƙi wuluk. Malam Talo-talo ya buɗe littafin doka ya duba sama ya duba ƙasa, gashin hankaka ya gani a rubuce, bai ga gawayi ba. Haka suka yi ta zuwa har ƙarshen zango, kamar yadda yaran birni suka koma saka baƙaƙen tufafi.

Nan Dila, malamin daji, ya shigo maganar. Ya zo gidan zomaye ya ce zai kai ƙara, ba ya son ladan ko ƙwaya. Uban ya ce, “Malam, me za mu nema? Ba a karya musu ƙafa ba.” Dila ya ce, “Za mu nemi ƙwayar masara ɗaya tak. Ba don ta cika ciki ba. Wanda ya biya ta ya yarda ya ci haƙƙi.”

Alƙalin farko Bauna ne. Ya saurara yana tuƙa, ya ce mai makaranta ya fi kowa sanin makarantarsa, in ya ji tsoron rikici yana da iko ya yi rigakafi. Aka ɗaukaka ƙara gaban dinya takwas, huɗu suka yi dama huɗu suka yi hagu, hukuncin Bauna ya zauna daram. Kotunan mutane ma haka suka yi, ta farko a 1966, ta biyu a 1967, inda alƙalai suka rabu daidai wa daida. Saura kotun ƙoli, wadda a dawa kunkuru tara ne suke zamanta.

Kun san tafiyar kunkuru. Kafin na taran ya iso wurin zama, an girbe masara sau uku. Rayuwar zomo kuwa gajeriya ce. 'Yar Zomo ta gama makaranta, ta yi aure, ta haihu, 'ya'yanta ma sun haihu. Ɗan Kurege ya yi ƙaura. Yayanta an kira shi yaƙin ya ƙi zuwa, ya sha wahalar da masu ƙin zuwa suke sha. Saƙonni ba su daina zuwa daga bayan teku ba.

Ranar da aka zauna, tun ba a fara ba sai ga Hankaka ya faɗo yana haki. Ya ce, “Ranku ya daɗe, an gama a Washinton! Ranar 24 ga Fabrairu 1969, alƙalai bakwai sun ba yara gaskiya, biyu sun ƙi. Mai shari'a Abe Fortas ne ya rubuta. Ya ce ɗalibi da malami ba sa tuɓe 'yancinsu na magana a bakin ƙofar makaranta. Ya ce tsoro kawai, wanda ba shi da tushe, bai isa a rufe wa yaro baki ba, sai in maganarsa za ta dagula karatu ƙwarai ko ta taka haƙƙin wasu. Tun ranar da aka saurari ƙarar ma, mai shari'a Thurgood Marshall ya tambayi lauyan hukuma ko yara bakwai ne za su hargitsa 18,000.”

Dabbobi suka ɗau sowa, suka ce shi ke nan, a rubuta a tashi. Babbar Kunkuru ta ɗaga kai a hankali ta ce, “A'a. Don mutane sun yi yaƙi muka yi yaƙi. Don sun hana ƙyalle muka hana gashi. Yau kuma don sun sake sai mu sake? In gobe suka juya fa? A kira shaida mu ji da kunnenmu.”

Aka kira Malam Talo-talo, ya tsufa, gashinsa ya zube. Dila ya ce, “Malam, ranar da yarinya ta zo da gashi, darasi nawa aka fasa da safe?”

“Ba a fasa ko ɗaya ba.”

“Wanne aka fasa?”

“Na lissafi.”

“Ita ta tsayar da shi, ko malamin da ya tsare ƙofa?”

Malam Talo-talo ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Yara ɗari nake riƙe da su amana. In na jira sai an zubar da jini kafin na hana, me zan gaya wa uwar wanda aka tunkuya?”

Tambaya ce mai nauyi, Dila ma bai yi saurin amsawa ba. Ya ce a kira Barewa. Ya shigo da manyan ƙahoni masu rassa, har sai da ya karkata kai kafin ya wuce ƙofa. Babbar Kunkuru ta ce, “Don kai aka kafa dokar nan. An tambaye ka kafin a kafa?”

“Ranki ya daɗe, ba wanda ya tambaye ni.”

“Gashin ya ɓata maka rai?”

“Ƙwarai. Har yau ban yarda a haɗa yayana da waɗancan ba. Amma tun da aka aiko da saƙon, duk makarantar nan ba wanda ya ambaci sunansa. Malamai in sun hango ni sai su canza magana. Zomon nan ne na farko da ya nuna ya san an yi mutuwa. Na ji haushinsa, na gaya masa, ya ba ni amsa. Da aka kore shi aka ce don ni ne, sai na ji kamar an ɗauki gawar yayana an toshe bakin wani da ita.”

Kunkuru suka shiga shawara. Mafi yawansu suka ce makaranta tana da ikon hana abin da zai hana karatu, amma sai ta nuna shi a fili, ba ta ce tana jin ƙanshinsa ba. In kuwa akwai masu niyyar duka, su za a tsawata wa, ba wanda za a daka ba. Suka ce barin farcen shaho a hana gashin hankaka ba tsaron zaman lafiya ba ne, zaɓen ra'ayin da ake so a ji ne.

Amma tsohon cikinsu, wanda bayansa ya yi gansakuka, ya ƙi sa hannu, wani guda ya bi shi. Ya ce, “Ni na yi shekaru ina kare mai magana a kasuwa, ko maganarsa ta yi ɗaci. Makaranta ba kasuwa ba ce. An kawo yaro ya koya, ba ya koyar ba. Ko gashin bai yi ƙara ba, ya ɗauke hankalin yara daga allo ya kai shi fagen fama, kuma don haka aka ɗaura shi. Yau kun karɓi sanda daga hannun malami kun ba alƙali. Gobe kowane ɗan ɓera zai ce sai ya ga Dila kafin ya share aji.” Hankaka ya raɗa wa na kusa da shi cewa a Washinton ma wani tsoho mai shekara 82, Hugo Black, wanda ya yi suna wajen kare 'yancin magana, kusan abin da ya faɗa ke nan.

Ba na raina maganar tsohon nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san yadda abu kaɗan yake kwashe hankalin yara. Inda na rabu da shi shi ne, hankalin yaran ya riga ya tafi fagen fama tun ranar da aka fara aiko da saƙo, kuma samarin da ake kira gobe su ne ke zaune a ajin yau. Amma maganarsa ba ta mutu ba. Kotun mutane ta dawo ta rage faɗin ƙofar: a 1986 ta ce ana iya hukunta ɗalibi a kan jawabin batsa a taron makaranta, a 1988 ta ba shugaban makaranta ikon tace jaridar da makaranta take ɗaukar nauyi, a 2007 ta yarda a hukunta wanda ya ɗaga ƙyalle mai kama da tallar ƙwaya. Baƙin ƙyallen dai har yau ba a taɓa shi ba.

Malam Talo-talo da kansa ya ɗauko ƙwayar masarar a baki ya kai gidan Zomanya, wato 'Yar Zomo ta dā, wadda yanzu jikoki ke kira Kaka. Ya ajiye a gabanta ya ce, “Ga haƙƙinki. Har yanzu ina ganin da na bari, wata rana da an yi faɗa.” Ta ce, “Wataƙila, Malam. Da ka tsaya a tsakani, ai kai ne mai share mana hanya.” Ya daɗe tsaye, sannan ya tambayi lafiyar yayanta.

A watan Oktoba na 1969, ranar 15, mutanen Amurka suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu neman a daina yaƙi, ɗalibai da yawa da baƙin ƙyalle a damtse. A dawa ma yara suka yi layi gaban Hankaka, har ya ce a tausaya masa hunturu na tafe. Ba a kori kowa ba, aka kuma yi lissafi.

Da bazara ta 1970 Hankaka ya sauka bai yi kuka ba. Ya ce ranar 4 ga Mayu sojojin jihar Ohayo sun buɗe wuta a jami'ar Kent, ɗalibai huɗu sun mutu. Kwana goma sha ɗaya bayan haka 'yan sanda suka kashe samari biyu baƙar fata a kwalejin Jackson ta Misisipi.

A daren jikokin Zomanya suka zo mata su bakwai. Babbar cikinsu ta ce, “Kaka, gashi ya yi kaɗan. Gobe in an shiga darasi na biyu za mu tashi mu fice gaba ɗaya. Ai kunkuru sun ce ba a korar mu.”

Zomanya ta ce, “Ba haka suka ce ba. Sun ce ba a korar ku don abin da ke ranku. Wanda ya bar aji ya bar aji, ko zanga-zanga ya tafi ko satar gyaɗa. Za a rubuta ku cikin marasa zuwa, a ba ku horon da ake ba kowa, Dila kuma ba abin da zai iya. In dai aka ƙara muku a kan na mai satar gyaɗa, to nan ku zo mu je wurinsa.”

“Horon mene ne?”

“Sharar kogo kwana uku.”

Yaran suka dubi juna. Ƙaramin cikinsu, wanda kunnuwansa ke rawa, ya ce shi dai gashi zai ɗaura ya zauna a aji. Wata ta fara yi masa dariya, Zomanya ta daka mata tsawa ta ce kowa da inda ƙarfinsa ya kai. Babbar ta ce su shida za su fita, kuma za su yi sharar.

Zomanya ta ce, “To ku gaya wa malaminku tun da safe, kada ya ƙirga ya ga babu ku hankalinsa ya tashi. Ku bi ta bakin rafi, kada ku bi ta gonar manomi, karensa a sake yake. Ke kuma ɗauko min gemun masara in ɗaura wa ƙanenki, ƙullinsa ba ya zama.”

Ƙurunƙus.